Kwarkwatar Kaji: Man Kanumfari Zai Iya Kashe Ta?

Tambaya: Ina kiwon kaji arba'in a bayan gida a Agege. Kwarkwata ta addabe su, kullum suna tsigar jiki, ƙwai ya ragu. An ce man kanumfari ko na bishiyar turare yana kashe ta. Gaskiya ne?

Amsa: Hajiya, yana kashewa, amma sai an kiyaye ma'auni kuma an maimaita.

Ki fara kama kaza ɗaya, ki buɗe gashin da ke gindin wutsiya da ƙarƙashin fiffike. Idan kwarkwata ce za ki ga 'yan ƙwari masu ruwan ɗorawa suna gudu a kan fata, ga ƙwayayensu fari fat a dunƙule a gindin gashi. Waɗannan ƙwayayen su ne matsalar. Mai yana kashe manyan, amma da wuya ya ratsa ƙwan, wanda ke ƙyanƙyashewa cikin kwana 4 zuwa 7. Shi ya sa masu fesa sau ɗaya suke cewa maganin banza ne.

A lita ɗaya ta ruwa mai ɗumi-ɗumi, ki zuba ƙaramin cokali ɗaya, wato mililita 5, na man kanumfari ko na bishiyar turare, da rabin cokalin sabulun ruwa. Sabulun nan ba ado ba ne. Mai ba ya haɗuwa da ruwa, in babu sabulu sai ya taso sama, feshin farko ya zama ruwa zalla, na ƙarshe kuma tsagwaron mai da zai ƙona fatar kaza. Ki riƙa girgiza gorar kina fesawa, kina ɗaga gashin don ya kai fata, ban da ido da hanci. Ki gwada a kaji biyu tukuna, ki jira kwana ɗaya. Daga nan a yi wa duka, har zakaru, a maimaita duk bayan kwana 7, sau uku.

Ki yi feshin da hantsi a fili, ranar da babu hadari. Laimar Legas ba ta barin gashi ya bushe da wuri, kaza kuwa in ta kwana a jiƙe sai mura. A rufaffen akurki ƙamshin yana shaƙe su, 'yan tsaki kuma kada a fesa musu sam.

Ki lura da abin da za ki saya. Yawancin ƙananan kwalaben da ake sayarwa don turaren ɗaki ƙamshi ne kawai na haɗi, ba sa kashe komai. Fiya-fiya da kalanzir kuwa, don Allah kada su taɓa jikin kaza.

Ranar feshin farko ki kwashe tsohon garin katako, ki zuba sabo, ki ajiye musu baho da yashi da toka su riƙa birgima. In kin haska tocila da dare kin ga jajayen ƙwari a tsagar katako, wannan ba kwarkwata ba ce, masu shan jini ne da ke ɓuya da rana. Su sai an fesa akurkin kansa, kuma gara likitan dabbobi ya zo ya duba.