Ƙanƙara a ƙasan firiza, ruwa a tsakar ɗaki: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Firjina mai ƙofa biyu ne, irin wanda aka ce ba ya tara ƙanƙara. Amma tun shigowar damina ƙanƙara ke shimfiɗewa a ƙasan firizar, ruwa kuma na taruwa ƙarƙashin akwatin kayan miya har ya gangaro ƙasa. Na kankare da wuƙa, kwana kaɗan ta dawo. Wani ya ce gas ne ya ƙare. Yaya zan yi? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin komai, don Allah ki ajiye wuƙar nan. Bututun da gas ke bi sirara ne, tsini ɗaya ya isa ya huda su. Yawancin firjin zamani kuma R600a suke amfani da shi, gas ne mai kama wuta.

Maganar ƙarewar gas ba ta dace da abin da kika faɗa ba. Firjin da ya rasa gas sanyi yake dainawa, naki kuwa har ƙanƙara yake yi. Alamunki na toshewar magudana ne.

Bayan bangon ciki na firizar akwai ƙarafan sanyi, da fanka, da wata 'yar hita. Sau biyu zuwa huɗu a rana firjin kan dakata, hitar ta narkar da ƙanƙarar da ta manne a ƙarafan. Ruwan sai ya bi wani ɗan rami, ya sauka ta tiyo zuwa farantin da ke kusa da injin a baya, zafin injin ya busar da shi. Idan ɓurɓushin abinci ko ƙanƙara ya toshe ramin, ruwan ya rasa hanya, sai ya malala ya daskare, ragowar ya tsiyaya ƙasa. Ɗauke wuta da kawowa yana ƙara dagula lamarin: ƙanƙara ta fara narkewa, kafin ruwan ya gama fita wuta ta dawo, ya daskare a bakin ramin.

Ki cire firjin daga soket, ki kwashe kaya, ki bar ƙofofin a buɗe na awa 24, da tsumma a ƙasa. A nan mutane ke gaggawa. Suna ganin ƙanƙarar da ke fili ta narke sai su mayar da wuta, alhali wadda ke cikin tiyon tana nan daram. Bayan haka ki samu sirinji babba marar allura, ki riƙa tura ruwan ɗumi cikin ramin. Ɗumi na ce, ban da tafasasshe, don yana lanƙwasa roba. Da farko zai riƙa dawowa, ki ci gaba har ki ji saukarsa a farantin baya. Ki leƙa ƙarshen tiyon ma. Wasu firjin suna da 'yar roba mai matsattsen baki a wurin, datti mai yauƙi yakan liƙe ta. A cire a wanke. Idan ramin naki yana ɓoye bayan bango, sai an kwance kusoshi, gara mai gyara ya yi.

Sai robar ƙofa, tunda kin ambaci damina. Ki rufe ƙofar a kan takarda ki ja. In ta zare ba tirjiya, iska mai laima na shiga ta nan, kuma ita ke haifar da farar ƙanƙara mai garin-gari a gefen ƙofa. Ki goge robar da ruwan ɗumi da sabulu, in ta tsage a canza. Miya da zoɓo su huce tukuna, a rufe su. Firiza ta tsaya a digiri 18 ƙasa da sifili, ɓangaren ƙasa na firjin kuma wajen digiri 4 sama da sifili. Gaban firjin ya ɗan ɗara bayansa tudu, don ƙofa ta riƙa rufe kanta.

Idan bayan mako ɗaya ko biyu kika ga bangon bayan firizar ya yi fari da ƙanƙara, ƙasan firjin ba sanyi, fanka na gurzar wani abu, to hitar ce ta mutu, ko na'urar da ke ba ta umarni. Ki kira mai gyara, ki ce ya auna su da mita a gabanki kafin ya kawo zancen ɗura gas.