Garin Neman Gira: Ina Iyakar Gyaran Fuska a Hoto Baƙi da Fari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni matashi ne mai sana'ar ɗaukar hoto a Zangon Damagaram, kuma a ƴan kwanakin nan mutane sun fara sha'awar hoto baƙi da fari. Na ɗauki wani dattijo abokin mahaifina, na goge masa tamoji da tabon goshi a kwamfuta, amma da ƴaƴansa suka gani sai suka ce wannan ba Baba ba ne. A makon kuma wata amarya ta dawo mini da hotonta, tana faɗa cewa na bar mata ƙuraje. Shin ina iyakar gyaran da ya dace? Daga mai karatu a Zinder.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ƴaƴan dattijon suna da gaskiya, amaryar ma tana da gaskiya, domin abin da ka goge a fuskar dattijon nasa ne na dindindin, abin da ka bari a fuskar amaryar kuwa baƙo ne da zai tafi cikin mako biyu. Ma'aunin da masu wannan sana'a da yawa suke bi ke nan: duk abin da ba zai kasance a fuskar mutum ba idan ka sake ganinsa bayan ƴan makonni, kamar ƙurji, ko fashewar leɓe da furu-furun fata na hunturu, ko kwallin da ya zazzago, ko zaren da ya maƙale a gemu, babu laifi a cire shi. Abin da aka san mutum da shi kuwa, wato zube da bille, da tabon sallah, da tawadar Allah, da wushirya, da furfura, ba a taɓa shi sai mai fuskar ya nema da bakinsa, kuma ko ya nema yana da kyau ka nuna masa hoton kafin gyara da bayan gyara ya zaɓa. A ƙasa irin tamu, inda dattijo yake iya duban askar Babarbare ko Bagobiri ko Ba'are ya faɗi asalinsa, goge zube ba kwalliya ba ce, shafe shaida ne, musamman yanzu da ake ta barin al'adar, har ya zama hotunan waɗannan dattawa ne za su nuna wa jikoki yadda abin yake.

Kada ka ɗauka cewa kwamfuta ce ta kawo gyaran hoto. Tun a ƙarni na 19 masu ɗakunan hoto suke bin dodon hoto, wato fim ɗin da ake wanke hoto daga gare shi, da fensir mai tsinin gaske suna cike layukan fuska, domin duk inda baƙin fensir ya hau a dodon, wurin yakan fito da haske a takarda. A shekarun 1930 George Hurrell ya yi suna a Amurka da hotunan taurarin fina-finai waɗanda aka yi wa irin wannan aiki na sa'o'i, har fatar ta koma sumul. Amma wannan talla ce, kuma kowa ya san talla ce. Photoshop, manhajar gyaran hoto a kwamfuta, bai fito ba sai 1990, abin da ya canza kawai shi ne aikin da a da yake cin yini guda yanzu yatsa ɗaya yake gama shi a salula.

Akwai dalilin da ya sa ɓarnar ta fi fitowa a baƙi da fari. A hoto mai launi, idan ka sulɓe fata, launin leɓe da na ido da na atamfa suna nan suna riƙe da idon mai kallo. Idan aka cire launi kuwa, abu biyu ne suka rage, haske da inuwa a gefe guda, saƙar fata a ɗaya gefen, wato ƙananan ramukanta da layukanta da ƙyallinta. Wanda ya goge saƙar ya zubar da rabin hoton, sai a ga rawani da aikin allurar babbar riga sun fito zare-zare, fuskar da ke tsakiyarsu kuwa ta zama shafaffiya, ido ya gane nan take cewa an yi wani abu ko da mai kallo bai san sunan abin ba. Ka nemi hotunan Seydou Keïta, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948 yana aiki galibi da hasken rana, ka duba yadda ƙyallin goshi da na kumatu yake gina siffar fuska. Haka kuma hotunan kitso kusan 1,000 da J. D. Ojeikere ya fara ɗauka a Najeriya a 1968, ƙarfinsu yana cikin ganin kowane silin gashi da kowace tsaga.

Gyaran da ya fi kowane girma, wanda kuma ba a cika lissafa shi a matsayin gyara ba, yana faruwa ne a lokacin mayar da hoton baƙi da fari. Kyamara tana ajiye ja da kore da shuɗi dabam-dabam, kuma fatar ɗan Adam, baƙa ko fara, ta fi mayar da jan haske. Saboda haka idan ka ƙara ma'aunin ja da ruwan lemo a manhajar gyaran hoto ta Lightroom, fata takan yi haske kuma tabo ya dusashe, idan kuwa ka jingina ga shuɗi sai ta yi duhu, kowane tabo ya fito. A nan ne ake mayar da baƙin mutum wankan tarwaɗa ba tare da an taɓa burushi ba. A ganina wannan ya fi goge ƙurji nauyi nesa ba kusa ba, domin bilicin ne da aka yi da na'ura, kuma mai hoton da ya saba wa abokan cinikinsa da shi yana koya musu raina fuskar da suke gani a madubi. Ka tsayar da ma'aunin inda, idan aka jera hoton da mai shi, ba za a ce ɗaya ya fi ɗaya haske ba.

Ina kyautata zaton matsalar dattijon naka ta fara ne tun kafin ka zauna gaban kwamfuta. Farin rawani da farar riga suna ruɗin ma'aunin hasken kyamara, sai ta rage hasken hoton gaba ɗaya, fuska ta nutse. Idan ka zo ɗago ta daga baya sai tsaki-tsaki ya bayyana a inuwa, ka shiga shafawa don ɓoye shi, tamoji ya tafi tare da shi. Maganin shi ne ka auna hasken a kan fuska, ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, idan kyamararka tana da shi, kuma ka guji ranar tsaka, wadda take rufe idanu da inuwa. Ka zaunar da shi daga cikin ƙofar zaure yana fuskantar waje, a sa yaro ya riƙe farin ƙyalle ta gefen da ke da duhu. Hasken da ya zo daga gaba, mai faɗi da taushi, yana kwantar da layukan fuska da kansa, wanda ya zo daga gefe kuwa yana tayar da su, don haka tun a nan kake yanke yawan shekarun da za su fito.

Idan an zo gyaran kansa, ka yi shi a kan kwafi, asalin yana ajiye. Inuwar ƙarƙashin ido da zurfin tamoji a sassauta su, kada a share su, ta hanyar ƙara ɗan haske a wuri da rage shi a wani, dabarar da masu wankin hoto suke yi da tafin hannu da guntun kwali a ɗakin duhu. Farin ido da haƙora a bar su da ɗan duhunsu, domin a baƙi da fari su ne suke fara tona asiri. Bayan ka gama, ka rage ƙarfin gyaran zuwa rabi, ka bar shi ya kwana, ka sake dubawa da safe a girman da za a wanke shi. Amarya tana da haƙƙin a ɗan ƙara mata, tunda ranar kwalliya ce kuma ita ta biya, amma ba a rage mata hanci ko a tsuke mata haɓa ba.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce mai koyon aikin jarida. Shin wannan sassauci ya shafi hoton da za a buga tare da labari, ko na takardun hukuma?

AMSA: Bai shafe su ba, ƴar'uwa. A hoton labari ana yarda da daidaita haske da duhu da yanke gefe, amma ba a cire komai, ba a ƙara komai, ko da ƙurji ne. A 2014 kamfanin dillancin labarai na AP ya raba gari da wani mai ɗaukar hoto saboda ya goge wata kyamara da ta shigo kusurwar hoton da ya ɗauka a Siriya, alhali abin da ya goge bai shafi mutumin da ke cikin hoton ba. Talla ma an fara yi mata linzami, domin tun ranar 1 ga Oktoban 2017 dokar Faransa ta wajabta a rubuta cewa an gyara hoton tallar da aka rage ko aka ƙara ƙirar jikin wanda ke ciki. Hoton fasfo da na katin shaida kuwa aikinsa shi ne jami'i ya dubi takarda ya dubi fuska ya ga abu ɗaya, saboda haka tabo da zube su ne ma abin da ake so a gani, kuma a yau hukumomi galibi mai launi suke karɓa, ba baƙi da fari ba.