Kun Tambaya: An Fara Biya Na Kuɗi Kan Abin Da Nake Yi Don Nishaɗi

Tambayoyi uku na zaɓo a wannan makon, kuma duk bakinsu ɗaya: mutum yana wani abu da waya ko kwamfuta don jin daɗinsa, sai ga shi an ce za a biya shi.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan ina ɗaukar hotuna da wayata, jama'a na yabawa. Yanzu ƙawata ta ce ni zan ɗauki hotunan bikinta, za ta biya ni. Wayar ta isa, ko sai na nemi kyamara?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Idan akwai haske, wayar ta isa. Hoton megafiksel 12 yana da ɗigo 4,000 a tsawo, 3,000 a faɗi. Masu ɗab'i kan so ɗigo 300 a kowane inci, ke nan hotonki zai fita tsaf har kusan inci 13 da 10. Inda waya ke kasawa shi ne cikin duhu, domin farantin da ke karɓar haske a cikinta ɗan ƙarami ne. Da rana ta faɗi, ko aka shiga ɗaki mai ƙwan fitila ɗaya, sai fuskoki su yi dishi-dishi, wanda ya motsa kuma ya fito kamar an goge shi da hannu. Ki nemi fitilar ɗaukar hoto, ko ta aro ce. Kada kuma ki riƙa zuƙo hoto da yatsu, yawanci yanke shi kawai wayar ke yi ta buɗa abin da ya rage. Ki taka ki matsa kusa.

Amma abin da ya fi damuna ba kyamara ba ne. Lokacin da kike yi don nishaɗi, in hoto ya ɓace, kin yi tsaki kin wuce. Biki kuwa ba a maimaita shi. Na taɓa ɗaukar wa wani abokina hotunan taro, na bar su a katin ajiya ɗaya tal, na ce gobe zan kwafe. Washegari na saka katin a kwamfuta, sai ta ce sai an wanke shi, wato a goge duk abin da ke ciki, kafin a yi amfani da shi. Kwana biyu ina fama da manhajar ceto bayanai, rabin hotunan kawai na tsira da su, har yau kuma ina jin nauyin mutumin. Saboda irin wannan ne manyan kyamarorin ƙwararru da yawa ke da ramin kati biyu, kowane hoto na sauka a wuri biyu lokaci guda.

Ki riƙe ƙa'idar da ake kira 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri daban, misali a intanet. Google Drive na ba da gigabait 15 kyauta, amma da Gmail da Google Photos ake raba shi, don haka ki duba abin da ya rage miki tun kafin ranar. A daren bikin za ki kwafe, kafin ki kwanta. Wajen miƙa aiki kuma, kada ki tura su a WhatsApp a matsayin hoto, yana matse su ingancin ya ragu. Ki tura a matsayin fayil, ko ki ba ta mahaɗin Drive. Ku kuma yi magana tun yanzu: hotuna nawa, rana nawa za ki kammala gyara, kuma ta yarda ki nuna wasu a shafinki ko a'a. Ku rubuta, ko da a saƙo ne. Abota ta fi lalacewa a inda aka bar magana a baki.

Tambaya: Malam, ina zane a manhajar Canva. Na yi wa wani tambarin kamfani da takardar talla, amma da aka buga sai launin ya dusashe, tambarin kuma ya farfashe a kan babban allo. Ina matsalar take?

Amsa: Matsala biyu ce, ɗan'uwa. Fuskar waya tana haɗa launi da haske, wato RGB: ja, kore da shuɗi. Injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu yake aiki, wato CMYK: shuɗi-shuɗi, ja-ja, ruwan ɗorawa da baƙi, kuma tawada ba ta iya fitar da wasu launuka masu ƙyalli da fuskar waya ke nunawa. Canva na masu biyan kuɗi yana ba ka damar fitar da PDF na ɗab'i a CMYK. Ko da hakan, ka sa a buga gwaji guda ɗaya mai aikin ya gani da idonsa kafin a buga dubu.

Tambari kuma ba a miƙa shi a JPEG, wato fayil ɗin hoto na yau da kullum, domin ɗigo-ɗigo ne, ana buɗa shi yake fashewa. Ana yin sa da layukan lissafi, irin fayil ɗin SVG, wanda ko girman bango aka mai da shi bakinsa na nan a tsaye. Manhajar Inkscape kyauta ce, ita ce ta wannan aikin. Sai abin da mutane da yawa ba su karantawa: sharuɗɗan Canva sun hana a ɗauki zanukan da ke rumbunta a yi rajistarsu a matsayin alamar kasuwanci. Idan wanda ya ba ka aikin zai yi rajistar tambarinsa, dole ka zana da hannunka.

Tambaya: Ina haɗa bidiyo a CapCut. Yaushe YouTube zai fara biya na?

Amsa: Don samun kason kuɗin talla, YouTube na neman mabiya 1,000, sannan ko dai awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Hanya ce mai nisa, kuma a ganina tace wa wasu bidiyonsu ya fi saurin kawo kuɗi. In za ka bi wannan, ka kula da sautin da kake ɗorawa. Kiɗan da manhaja ta ba ka don shafinka ba lallai ne lasisinsa ya kai ga tallar kasuwanci ba, kuma tsarin Content ID na YouTube, mai binciko kayan da ke da haƙƙin mallaka, yana gane shi, ya karkatar da kuɗin ga mai haƙƙin ko ya toshe bidiyon. Idan kana da kwamfuta mai RAM gigabait 16, ka sauke manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve ta kyauta, ka fara da gyara sautin magana kafin launi.