Gyambon ƙafar Baba ya ƙi warkewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, dan Allah ina neman shawara. Mahaifina yana da ciwon suga kusan shekara 9, lokacin sanyin nan ya kwana da kaskon wuta kusa da ƙafarsa, da safe muka ga tafin ƙafar ya yi bororo shi kuma ko zafi bai ji ba. Yau sati 3 kenan ana masa wankin ciwon a kemis amma sai ƙara rami yake har ya fara ɗan wari. Maƙwabta sun ce a shafa zuma, shi kuma ya kafe ba zai je asibiti ba wai yanke ƙafa suke. Ya za mu yi?
Wata mai karatu daga Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Gaskiya tunda ya fara wari maganar ta wuce kemis, ku lallaɓa shi asibiti yau ba sai gobe ba, in yana da amini ko ɗan uwa da yake jin nauyinsa ku haɗa da shi. Rashin jin zafin nan ba sauƙi ba ne, sugan ne ya taɓa jijiyoyin ƙafar, kuma yana rage gudun jini, shi ya sa ciwon ke ci ta ciki mutum yana ta harkarsa.

A asibiti za a kankare mataccen naman, a yi hoton ƙafar a ga ko ya kai ƙashi, a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta da ya dace, sannan a yi gwajin HbA1c wanda ke nuna yadda sugansa ya kasance cikin wata 3, yawanci ana so ya yi ƙasa da 7. Wataƙila ma a mai da shi kan allurar insulin na ɗan lokaci, kada ya ɗauka abin ya ƙare ne.

Amma abin da mutanenmu suka fi rainawa shi ne takawa. Wallahi ko wane irin wanki aka yi, in dai yana taka wurin zuwa kasuwa da masallaci ba zai haɗe ba, dole a ɗauke wa ƙafar nauyi, ko filasta irin ta ɗaurin karaya ko takalmi na musamman ko sanda, sallah ma ya yi a zaune.

Zumar kasuwa kuwa ku bar ta, wadda ake sawa a ciwo tatacciya ce ta asibiti. Haka toka da man goge baki da gashi da ruwan zafi, duk ku bar su.

Ki kuma riƙa duba masa ɗayar ƙafar kullum har tsakanin yatsu, a tsane ta bayan alwala, a shafa basilin a kaushi ban da tsakanin yatsun. In kika ga yatsa ya fara baƙi, ko kumburi na hawa sama, ko zazzaɓi ya rufe shi, ko tsakar dare ne ku tafi.