Yadda Asiri Ke Ɓuya a Ƙauyen da Kowa Ya San Kowa

Tambaya: Na gama karanta littafin Agatha Christie mai suna The Murder of Roger Ackroyd, amma wani abu ya ɗaure mini kai. Ta yaya za a kashe mutum a ɗan ƙaramin ƙauye inda kowa ya san cikin gidan kowa, kuma gano mai laifin ya gagara?

Amsa: Malama, a kan wannan tambaya taki aka gina littafin gaba ɗaya. Ya fito a 1926, kuma labarin ya faru ne a King's Abbot, wani ƙauyen Ingila da marubuciyar ta ƙirƙira, inda ɗan sandan ciki Hercule Poirot, mutumin Beljiyam, ya yi ritaya yana noman kabewa a bayan gidansa.

Mutanen ƙauyen suna gani, suna kuma ji. Ki tuna da Caroline, 'yar'uwar Dakta Sheppard mai ba da labarin, wadda tana zaune a ɗaki labarin gari ke iso mata ta bakin 'yan aikin gidaje da masu kawo kaya. Tun kafin kowa ita ta yi zargin cewa Misis Ferrars, wata mata a ƙauyen, ita ce ta sa wa mijinta guba, kuma hakan ya tabbata. Saboda haka ba ƙarancin labari ne ya hana gano gaskiya ba.

Abin da ya rufa wa mai kisan asiri shi ne kunyar sauran mutanen gidan Roger Ackroyd, mutumin da aka kashe, domin kusan kowannensu yana da abin da ba ya so a sani, ko da kuwa babu ruwansa da zubar da jini. Ralph Paton, agolan Ackroyd, ya auri Ursula Bourne a ɓoye, alhali tana aikatau a gidan. Mis Russell mai kula da gida tana da ɗan da ta haifa ba da aure ba, wanda ya zo ganinta a daren.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Flora, 'yar ɗan'uwan marigayin. Buƙatar kuɗi ta matsa mata, ta ɗauki fam 40 daga ɗakin kwanansa, tana saukowa sai ta ji tafiyar Parker, babban baran gidan. Sai ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin karatu, inda daga baya aka tsinci gawarsa, kamar yanzu ta fito, ta ce ta yi wa baffanta sai da safe. Wannan 'yar ƙarya ta sa 'yan sanda suka ɗauka mutumin yana da rai har ƙarfe goma saura kwata, duk lissafinsu ya karkace. Yarinyar mutuncinta take karewa, ba ta san bayan wa take tsare ba.

Shi ya sa Poirot ya tara su a teburi ɗaya ya gaya musu ƙiri-ƙiri cewa kowannensu yana ɓoye masa wani abu. Aikinsa daga nan shi ne ya tone ƙananan asiran ɗaya bayan ɗaya, har ya rage wanda ba shi da wata fassara sai kisa.

Ba zan ambaci sunan mai laifin ba saboda waɗanda ba su karanta ba, domin ƙarshen nan na daga cikin abin da ya sa ƙungiyar marubuta labaran laifi ta Birtaniya ta zaɓe shi a 2013 a matsayin gwarzon littattafan irinsa. Ke da kika gama, ki koma ki sake karanta daren kisan a tsanake, ki lura da kujerar da aka janye daga jikin bango, da kuma kiran tarhon da ya fito daga tashar jirgin ƙasa.