Matatar iska mai cajin kanta: anya kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Kano, kwamfuta huɗu da firinta. Duk hunturu sai ƙura ta toshe musu fanka. Wani mai kayan AC ya nuna mini matatar iska, wai ita ke cajin kanta, ba batir ba waya. Gaskiya ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Bai yi maka ƙarya ba. Ka tuna muna firamare, mukan goga biro a gashin kai, mu kai shi kusa da guntayen takarda, sai su yi tsalle su manne? To da wannan ƙarfin matatar take aiki. Raga ce hawa-hawa ta zaren roba, da ake sawa a inda AC ke zuƙo iska. Idan fankar AC ta zuƙo iska, ƙurar da ke ciki tana gogar zaren, gogayyar ta haifar da cajin lantarki marar gudana. Ƙurar da ta ɗauki caji a hawan farko, sai na gaba ya fizgo ta ya riƙe. Muddin iska na wucewa, cajin na sabuntuwa.

Hunturu ma lokacinta ne, domin caji ya fi zama a busasshiyar iska. Shi ya sa a watan Janairu ƙofar mota kan ɗan ja ka in ka taɓa. Da damina kuwa danshi na rage mata ƙarfi.

Sai dai kada ka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Ƙura mai kauri, da burbushin takarda, da zaren tufafi, tana kama su sosai, kuma su ne ke shaƙe fankar kwamfuta. Amma hazon nan da iska ke kwasowa daga yankin Bodele na Chadi yana ɗauke da ƙwayoyin da ido ba ya gani, haka ma hayaƙin janareta, kuma da yawansu ratsa ta suke yi. In akwai mai asma a shagon, don Allah nemi matatar HEPA, wadda ke tare kaso 99.97 cikin 100 na ƙwayoyi masu girman maikiron 0.3 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita).

Wanki shi ne ranta. Da zarar ƙura ta lulluɓe zaren, cajin ya daina kaiwa ga sabuwar ƙura, AC kuma ya fara wahalar jan iska. Ka wanke ta duk wata, da hunturu duk sati biyu. Zuba ruwan ta bayanta ya turo dattin ta inda ya shiga, ka shanya a inuwa ta bushe ƙarau, don jiƙaƙƙiya funfuna take yi. Kwamfutocin ma ka riƙa buɗe su kana hure ƙurar da ƙaramin injin hura iska, bayan ka zare su daga wuta.