Shekara 6 ba haihuwa, uwar miji ta ce a ƙaro mata

Tambaya: Mama ina wuni. Ni Kirista ce a nan Katsina, aurenmu shekara 6 ko ɓari ban taɓa yi ba. Uwar mijina duk zuwan da za ta yi daga wajen Malumfashi maganarta ɗaya ce, ya ƙara aure, shi kuma sai ya sunkuyar da kai. Wata mai addu'a ta ce min wai akwai zunubin da ban tuba ba. Na yi azumi har na gaji, dan Allah me zan yi?

Amsa: Sannu 'yata, Ubangiji ya ta'azantar da ke. Bari in fara da mai addu'ar nan don ita ta fi ɓata min rai. Buɗe Luka sura 1 aya 6 da 7, Zakariya da Alisabatu an ce dukansu masu adalci ne a gaban Allah, kuma a wajen aka ce ba su da ɗa har suka tsufa. Toh wane zunubi Alisabatu ta ɓoye? Ki daina zuwa wajen matar nan, in kuma tana karɓar kuɗi ki riƙe abinki.

Maganar kishiya kuwa, mu da muka yi alkawari a coci mun san mace ɗaya ce, Farawa 2:24. Amma ni ba na ganin surukarki muguwa ce, tsoro take ji, a ƙauye ana mata gori ɗanta ba magaji, kin san bakin mutanenmu. Sai dai maganin da ta kawo an gwada shi tun da. Saratu da kanta ta ba Ibrahim Hajaratu gidan ya yamutse, Elkana mata biyu gare shi Feninna ta dinga tsokanar Hannatu har ta kasa cin abinci. Abin da nake so a labarin shi ne Elkana bai yi shiru ba, ya tambaye ta ashe bai fi mata 'ya'ya goma ba. Wannan ne maigidanki bai yi ba tukuna, kuma shi ya kamata ya zauna da mahaifiyarsa cikin ladabi ya faɗa mata, in ke kika yi za a ce kin raina ta.

Yanzu in saka rigata ta ungozoma. Ba ki ce min kun je asibiti ba, kuma na lura azumin ma ke kaɗai kike yi. A likitance in an shekara 1 ana tare ba ciki ana duba miji da mata ne duka, don sau da yawa matsalar daga namiji take, ko ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba ko hangum da ya taɓa maraina, kuma lafiyar kwanciya ba ita ce shaidar haihuwa ba, nan ne maza suke ruɗin kansu. Gwajin maniyyi ya fi naki sauƙi da araha, zai ƙaurace miki kwana 2 zuwa 7 ne kawai kafin ya bayar. Ke kuma a duba ƙwai da hanyoyin mahaifa. Asibitin koyarwa na tarayya da ke nan Katsina akwai likitocin mata, ku je tare.

In ya noƙe kar ki yi masa maganar gaban 'yan'uwansa, ki samu Baba Pasto ko dattijon da yake jin nauyinsa su yi ta maza. Ki rubuto min abin da likita ya ce.